Motar Gawa a Ƙofar Garejin Mastro Liborio

"Ɗago kanki ki amsa wa mutum, Tindara. Da ke yake magana."

Zia Crocetta ce, yayar babanta, ta faɗa tana zungurinta da gwiwa ta ƙarƙashin tebur.

Tindara ta ɗago a hankali. Ignazio Bellavia yana zaune daidai saitinta, farar rigarsa ko ɗigon gumi babu, duk da zafin Agustan da ya sa ƙudaje ma suka kwanta. Shi ne mai wurin sayar da motoci na kan hanyar Caltanissetta, kuma rabin aikin da ke shigowa garejinsu daga wajensa yake zuwa. Yau Lahadi ya zo da furanni da tiren kayan zaƙi, ya sumbaci hannun Mamma. Babu wanda bai san abin da ya kawo shi ba.

"Cewa na yi Mastro Liborio ya yi aikin da ya isa," in ji shi yana murmushi, yana duban babanta. "Idan mun zama gida ɗaya sai garejin ya koma wajena, sabon gini ne, ga fili. Ke kuma ki zauna a ofis esi yana hura ki, maimakon ki wuni a rana kina gyara na mutane."

"Kin ji mutum mai hankali," Zia ta karɓe. "Dubi faratanki don Allah. Kamar na mai sayar da gawayi. Wace amarya ce za a sa wa zobe a wannan hannun?"

"Da su nake cin abinci, Zia. Taliyar da ke bakinki ma da su aka sayo ta."

Zia ta ƙware. Ignazio ya yi dariya kamar abin ya burge shi. Papa bai yi ba. Ya ajiye cokali ya zuba mata ido irin kallon da yake yi wa motar da ta ƙi tashi.

"Ignazio ya nemi aurenki, na kuma ce masa ƙofata a buɗe take. Yau nake son jin bakinki, a gaban mahaifiyarki."

Mamma Agatina tana ƙarshen tebur cikin baƙaƙen kayan da ba ta taɓa cirewa ba tun rasuwar Nino. Idanunta sun cika da roƙo.

Tindara ta buɗe baki ke nan wayarta ta yi motsi a cinyarta. Kafin ta duba, Zia da ta tashi ɗaga labule don iska ta shigo ta ja da baya, ta damƙi ƙarfen taga, ɗaya hannun yana zana gicciye a ƙirjinta.

"Wayyo Madonna, Uwar Yesu. Motar gidan Lo Cascio ce a ƙofarku."

Ko ba ta duba wayar ba, Tindara ta san wanda ya kira.

Tun zamanin kakanni gidan Lo Cascio ne ke wanke matattun garin Montesalso, su sa su a akwati, su kai su makwanci. Duk wanda aka yi wa rasuwa da gudu yake neman su. Amma ranar biki babu mai son su zauna kusa da amarya, kuma idan doguwar baƙar motarsu ta gifta, sai ka ga maza suna laluben ƙarfe su taɓa. A wannan gidan kuwa abin ya wuce camfi. Ranar da Nino, yayan Tindara, ya faɗi da babur a kwanar hanyar Gela, wannan motar ce ta kawo shi gida, ita ce kuma ta fitar da shi.

Alfio Lo Cascio shi Tindara take so. Sau ɗaya ya zo neman izinin aurenta, Papa bai bar shi ya taka matakalar bene ba.

Ta miƙe.

"Zauna," in ji Papa.

"Bai taɓa tsayawa a ƙofar nan ba, Papa. In ya tsaya yau, akwai dalili."

"Na ce ki zauna."

Ta ture kujerar baya ta sauka da gudu, da rigar cocinta mai ruwan zuma da takalmi mai tsini.

Rana ta dake ta kamar an buɗe tanda. Motar tana can tsallaken titi, ko inuwar garejin bai yarda ta taɓa ba. Alfio yana tsaye a jikinta cikin baƙar kwat, gumi ya jiƙe masa wuyan riga sharkaf. Yana ganin kwalliyarta da jar motar Ignazio a gefe, fuskarsa ta sauya.

"Ban san kuna da baƙo ba. Da ban zo ba."

"Me ya faru?"

"Esi ne. Satin da ya wuce aka cika min gas a Gela, yau da safe na kunna sai iska mai zafi. Na zaga ko'ina, Tindara, kowa ya rufe ya tafi bakin teku hutu." Ya rage murya. "Palermo zan kai gawa, jirgin ruwan Tunis da yamma zai tashi. Ɗan ƙwadago ne a gonakin tumatir, Mongi sunansa, zuciyarsa ce ta tsaya a bakin aiki. Ga matarsa can."

Tindara ta leƙa. A kujerar gaba wata mata ce zaune da ɗankwali, ƙofa a buɗe, tana fifita da kwali. Tsohon ciki gare ta. Leɓunanta sun bushe, hannunta ɗaya yana dafe da gilashin da ya raba ta da bayan motar inda akwatin yake.

"Najet take. A wannan zafin ba za ta kai rabin hanya ba," in ji Alfio.

"Buɗe bonet."

Ta juya za ta ɗaga ƙofar gareji sai ta tarar da Papa tsaye a gabanta, Ignazio da Zia a bayansa. Mamma ta tsaya a matakala ta ƙarshe tana riƙe da bango.

"Motar da ta ɗauki ɗana ba za ta shiga garejina ba."

"Ba za ta shiga ba, Papa. Ni zan fita wajenta."

Ta raɓa ta gefensa, ta ɗaga ƙofar ƙarfen da hannu ɗaya. Ta cillar da takalmanta a lungu ta zura na aiki. Ta turo keken kayanta, geji da tiyo da tukunyar gas, ta ja doguwar wayar wuta har tsallaken titi. Ƙarar tayoyin keken ta sa tagogi suka fara buɗewa. Lahadi ce, kowa yana gida, kowa ya ƙoshi, babu abin da unguwa take jira irin wannan.

"Dakata, Tindara."

Ignazio ne. Ya tako tsakiyar titi yana kaɗa mabuɗin motarsa a yatsa, muryarsa a sake, ya ɗaga ta yadda masu tagogi za su ji.

"In don baiwar Allahn nan ne, abin bai kai a ɓata wa Mastro rai ba. Motata sabuwa ce, sanyinta kamar firji. Ni da kaina zan kai ta Palermo, shi ya biyo mu a baya da kayansa. Wanda ke cikin akwati ai zafi ba ya damunsa."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan mutunci," in ji Zia.

Papa ya gyaɗa kai. "To kin ji. An warware. Mayar da kayan nan ki hau sama."

Tindara ta tsaya da tiyo a hannu. Ta dubi Alfio, ya sunkuyar da kai. Dabarar ta yi kyau, ita ma ta sani. Ignazio ya zare mata hujjarta a gaban jama'a, ya kuma fito da farin jini. Idan ta hau sama yanzu, babu wanda zai ce an zalunci kowa. Za a koma tebur, a yanka kayan zaƙi, a sake yi mata tambayar ɗazu.

Ta durƙusa ta ɗaura tiyon a bakin bututun motar.

"Na gode, Ignazio. In ta yarda ta bi ka, ruwanta. Ni dai sai na gyara motar nan."

"Don me?" in ji Papa.

"Don ta Alfio ce."

Ta ɗago ta dubi Papa.

"Ka ce yau kake son jin bakina, Papa. To ga shi, ba sai mun koma tebur ba. Ba zan auri Ignazio ba. Ba shi da laifin komai, amma ko shi kaɗai ya rage a Sicilia ba zan aure shi ba. Alfio nake so. Kun sani, unguwa ta sani, fadan coci ma ya sani. Na gaji da yin kamar abin kunya ne."

"Yarinyar nan an yi mata asiri," in ji Zia tana tafa hannu. "Mai wankan gawa? Da hannun da ya taɓa matattu zai taɓa ki? 'Ya'yanku wa zai yi wasa da su a makaranta?"

"Ranar da kika mutu, Zia, wa kike so ya wanke ki? Ignazio?"

Wani ya tuntsire da dariya daga wata taga, matarsa ta buge masa baki.

Murmushin Ignazio bai tafi ba, sai dai ya daskare. Ya sunkuya wajen ƙofar motar ya yi wa Najet magana a hankali, yana nuna tasa. Matar ta dube shi, ta girgiza kai.

"Tare muka zo ƙasar nan," ta ce da harshen da bai gama zama a bakinta ba. "Ba zan bar shi a baya ba."

Ignazio ya miƙe ya gyara hannun rigarsa. Ya matso kusa da Tindara yadda ita kaɗai za ta ji.

"Kin kunyata ni a titi. Ni ba na fushi da sauri, amma ba na mantuwa. Ki tambayi kanki garejin nan zai kai Kirsimeti ba tare da ni ba."

"Matsa min daga haske, ba na ganin geji."

Ya yi wa Papa sallama cikin ladabi, ya shiga motarsa ya tafi.

Allurar gejin tana kwance a ƙasa, babu ko ɗigon gas da ya rage. Tindara ta yi tsaki.

"Wanda ya cika maka a Gela bai nemi inda yake yoyo ba?"

"Ya ce in je in gwada."

"Ya ce ka je ka dawo dai."

Ta buɗe tukunyar iskar gwaji ta matsa ta cikin bututan, allura ta hau. Ta ɗauko gorar ruwan sabulu ta shiga fesawa a kowace mahaɗa, tana bi da ido. Ƙarfen motar yana ƙona mata hannu. Mahaɗar kwamfaresa shiru. Tiyon roba shiru. Ta kwanta a kan kwalta da rigar cocin, ta zura kai ƙarƙashin hancin motar, ta fesa inda bututu ya shiga ragar da ke gaban lagireto.

Kumfa ta taso, ƙanana, ɗaya na tura ɗaya.

"Ga ka nan, munafuki. Alfio, miƙo min sifana, ƙaramar."

Ya cire kwat ya durƙusa kusa da ita. Ya miƙa mata.

"Bai kamata ki yi haka ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba ta wannan hanyar nake son samunki ba. Na ce miki zan jira."

"Kai ka iya jira, sana'arka ce. Ni na gaji."

Ta saki iskar, ta kwance notin, ta zaro zoben robar da ke toshe mahaɗar. Ya bushe ya tsage, bakin bututun kuma ya yi farin tsatsa. Ta goge shi tas, ta zaɓo sabon zobe kore daga akwatinta, ta shafa masa mai, ta zaunar da shi, ta ɗaure. Ta sake matsa iska ta fesa sabulu. Babu kumfa.

Ta fito daga ƙarƙashin motar, baƙin mai ya ɓata gaban rigar har ƙasa. Ta haɗa injin da ke zuƙe iska da laima daga cikin bututan, ta kunna. Ya fara gurnani. Wannan aikin ba a yi masa gaggawa, sai dai a tsaya a jira shi.

Sai ta hangi Papa a bakin gareji, hannunsa a kan makunnin wutar gidan gaba ɗaya.

Suka dubi juna ta tsallaken titi. Shi ya koya mata cewa in aka katse injin nan a tsakiya, aikin ya tashi a banza. Ta ga yatsunsa sun danne makunnin, ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Can ya sauke hannun.

"Ba a barin aiki rabi a ƙofata," ya ce. "Ki gama. In kin gama ki ajiye min mabuɗin gareji."

Maganar ta soke ta fiye da mari. Tun tana 'yar makaranta take shara a garejin nan. Bayan Nino, ita ta tsaya a gurbinsa har Papa ya daina kuskuren kiran sunansa idan yana neman sifana.

"To, Papa."

"Tindara."

Mamma ce. Ta sauko daga matakala, ta zo har bakin kwalta ta tsaya, kamar titin kogi ne. Ta kawar da fuskarta daga motar. Hawaye sun riga sun wanke mata kumatu.

Tindara ta tsallako wajenta.

"'Yata, ɗaya na binne, ke kaɗai kika rage min. Me na yi miki?"

"Ba ki yi min komai ba, Mamma."

"To ki tausaya min. Ban ce yaron mugu ba ne. Ban san shi da mugunta ba. Amma duk ranar da na gan shi, hannun da ya rufe akwatin Nino nake gani. Ta yaya zan zuba masa abinci? Ta yaya zan ɗauki ɗan da ya haifa? Ki auri wanda kika ga dama, ko ba Ignazio ba, ko talaka ne, ko baƙo ne daga wata ƙasa. Ban da shi. Ina roƙonki da nonon da kika sha."

Tindara ta kama hannayenta, mai ya shafi baƙar rigar uwar. Ita ma kukan ya ƙwace mata.

"Mamma, kin tuna fuskar Nino a cikin akwati?"

"Kullum ita nake gani. Kamar barci yake. Allah ya ji tausayina bai bari hanya ta taɓa fuskarsa ba. Da wannan nake rayuwa."

"Tindara, kada ki yi." Muryar Alfio ce daga bayanta. "Kin yi min alkawari."

Ta ji shi. Ta san alkawari ne, ta san kuma abin da za ta fasa ba zai ɗinku ba. Amma ta gaji da ganin ana tofa wa mutumin nan yawu saboda alherin da ya ɓoye.

"Hanya ta taɓa fuskarsa, Mamma."

Mamma ta daina kuka cak.

"Ni na kai musu kayan da za a sa masa, na gan shi kafin a gyara. Baban Alfio cewa ya yi a rufe akwatin a buga ƙusa, babu uwar da za ta iya kallon wannan. Alfio ya ƙi. Ya ce benci ɗaya suka zauna da Nino a makaranta, ba za a binne shi uwarsa ba ta sumbace shi ba. Ya aike ni na kawo hotonsa. Ya rufe kansa a ɗaki shi kaɗai, bai ci ba bai sha ba, sai da ya maido miki da ɗanki. Goshin da kika sumbata, gashin da kika shafa, hannun nan da kike ƙyama ne ya haɗa su."

Injin yana ta gurnani.

Mamma ta zare hannayenta a hankali. Ta juya wajen mijinta.

"Liborio. Kai ka je kwanar. Kai ka fara ganinsa."

Papa ya kawar da kai.

"Gaskiya ne?"

Ya dubi Tindara, idanunsa sun yi ja.

"Shekarun nan duka ina ɗauke da abin nan ni kaɗai don kada ya kai gare ta. Ke kuma kin miƙa mata shi a tsakiyar titi, don ki ci gardama. Kin ji daɗi?"

"Ba don gardama ba ne, Papa. Ka san abin da ya yi mana, ka kore shi daga matakala kamar kare."

"Na sani. Ya ga abin da na gani, ya kuma gan ni a ranar. Ba na son idon da ya gan ni a ranar ya zauna a teburina." Ya goge fuska da tafin hannu. "Je ki gama aikinki."

Mamma ta juya ta shige cikin gida, tana taka matakala kamar tsohuwa. Zia ta bi ta tana kiran sunanta.

Tindara ta koma wajen motar. Alfio bai dube ta ba.

"Abu ɗaya na roƙe ki," ya ce.

"Na sani."

"Abin da ya rage mata ke nan, kin karɓe."

"Na sani, Alfio. Ka yi fushi da ni a hanya, yanzu riƙe min wannan."

Ta kashe injin ta zuba wa allura ido. Ta jira, ta ƙara jira. Allurar ba ta motsa ba, mahaɗar ta riƙe. Ta ɗora tukunyar gas a kan sikeli, ta buɗe, ta bar motar ta sha daidai awonta, ta rufe.

"Tayar da ita. Kunna esi har ƙarshe."

Injin motar ya tashi. Aka ji ƙaramar ƙarar kwamfaresa ta kama. Tindara ta zura hannu ta taga ta tara a gaban iskar. Da fari ɗumi, sai ta fara sassautawa, can ta ji sanyi yana ratsa tsakanin yatsunta.

Najet ta ajiye kwalin. Ta rufe ido, ta matsar da fuskarta kusa da iskar, ta ja dogon numfashi. Sai ta kamo hannun Tindara da mansa da komai, ta ɗora a kan cikinta tana yi mata addu'a da Larabci.

Tindara ta naɗe tiyo, ta naɗe waya, ta tura keken ta mayar da shi gurbinsa. Ta rataye kowace sifana a ƙusarta. Ta ɗauki ƙaramin akwatin kayan aikinta kawai, wanda ta saya da guminta. Sannan ta ciro mabuɗin daga sarƙar wuyanta ta miƙa wa Papa.

Bai karɓa ba. Ta ajiye a kan bencin aiki.

Ta tsallaka titi ta buɗe ƙofar baya ta motar, inda dangin mamaci kan zauna.

"Me kike yi?" in ji Alfio. "Tindara, kada ki shiga. Mutane suna kallo."

"Su kalla. Sabon gyara ne, hanya da nisa. Matar nan kuma tana bukatar mace kusa da ita."

"Ki bari ya huce. Ki hau sama ki ba shi haƙuri, gobe..."

"Ba kai za ka gaya min inda zan hau ba. Ka ja mota."

"Tindara." Papa ne, daga bakin gareji. Bai ɗaga murya ba, amma har ƙarshen layi an ji shi. "In kika shiga motar nan da ranki, to ita ce kaɗai za ta sake kawo ki gidan nan."

Wata tsohuwa a taga ta zana gicciye. Tindara ta tsaya, hannunta a kan ƙofa. Ta dubi mutumin da ya koya mata riƙe sifana, gashinsa ya yi fari, kafaɗunsa sun faɗa.

"Ina sonka, Papa," ta ce.

Ta shiga ta ja ƙofa.

Alfio ya daɗe riƙe da sitiyari kafin ya sa giya. Motar ta fara gangarawa a hankali. Ba su wuce tsawon gida biyu ba ya taka birki da ƙarfi, har Najet ta dafe gilashi.

Mamma ce tsaye a tsakiyar titi.

Ta fito ta ƙofar bayan gida ta zago. Babu ɗankwali a kanta, ƙafarta da silifas ɗin ɗaki. A hannunta akwai gorar ruwa da ƙunshin burodi da cuku. Matar da ta shekara da shekaru tana sauya layi idan ta hango motar nan, yau ta dafa bonet ɗinta ta zagayo har tagar direba.

Alfio ya sauke gilashi. Ya kasa ɗaga ido.

Ta miƙa ƙunshin ta gabansa zuwa ga Najet. Ko kallon inda Tindara take ba ta yi ba.

"Dube ni, ɗan Lo Cascio."

Ya ɗago.

"Ban yafe wa kowa ba. Ita ma ban yafe mata ba. Amma in ka kai bawan Allahn nan ka dawo, ina son ka zauna ka gaya min yadda ka sami ɗana. Duka. Kada ka rage min komai."

"Donna Agatina, ba abin da uwa za ta..."

"Ni na haife shi. Ni zan ji."

"Agatina." Papa ya tako har tsakiyar titi. "Na rantse yaron nan ba zai taka gidana ba."

Mamma ta juya ta dubi mijin da ba ta taɓa musa wa ba tun ranar aurensu.

"To ka riƙe gidanka, Liborio. Ni na san hanyar nasu."

Ta ja da baya ta ba motar hanya, ta buga rufinta da tafin hannu.

"Ku tafi, kada jirgi ya bar matar mutane."